Yadda Malamin Makaranta Ke Samun Lasisi Da Ƙarin Girma A Najeriya

Digiri shi kaɗai ba ya mai da mutum malami a idon dokar Najeriya. Wanda ya karanta Kimiyyar Sinadarai ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya, in ya shiga aji ba tare da takardar fannin ilimi ba, hukuma tana lissafa shi cikin malaman da ba su cancanta ba, ko da ya shekara goma riƙe da alli. Abubuwa uku ake nema, kuma a jere suke: takardar koyon malanta, sai rajista da lasisin hukumar yi wa malamai rajista, TRCN, sai tabbatarwa a aiki wadda ita ke buɗe ƙofar ƙarin girma. Yawancin malaman da suka maƙale a mataki ɗaya shekara da shekaru ba rashin iya koyarwa ne ya tsayar da su ba. Takarda ce aka yi ba a kan jerinta ba, ko aka yi ba a sa ta a fayil ba.

Takardar da za ka fara riƙewa

Mafi ƙarancin takardar da manufar ilimi ta ƙasa ta yarda a koyar da ita ita ce NCE, wato takardar shaidar malanta ta ƙasa. Tsohuwar takardar Giredi Tu, wadda kwalejojin horon malamai irin na da suka riƙa bayarwa, an daina karɓarta a matsayin shaidar cancanta. NCE karatun shekara uku ne a kwalejin ilimi, kuma hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, NCCE, da aka kafa a 1989 ce ke tantance kwalejojin da kwasa-kwasansu. Kana buƙatar kiredit a darussan da suka shafi abin da za ka karanta, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Wanda ya fito daga makarantun Arabiyya da sakamakon hukumar jarrabawar Larabci da Addinin Musulunci, NBAIS, shi ma yana da hanyar shiga, musamman ɓangaren Larabci da Addinin Musulunci da Hausa. Difloma ta shekara biyu kuwa ba ta maye gurbin NCE, komai sunan makarantar da ta bayar da ita.

Kafin ka biya ko sisi, ka duba sunan kwalejin a jerin makarantun da NCCE ta amince da su, sannan ka tabbatar shi kansa kwas ɗin an tantance shi. Tsofaffin kwalejoji irin su ta Shehu Shagari a Sakkwato, ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, ta Aminu Saleh a Azare, ta Gumel, da ta tarayya da ke Katsina ko Bichi, sanannu ne. Inda ake faɗawa rami shi ne cibiyoyin karatu da ake buɗewa a ajin wata firamare ranar Asabar da Lahadi, a ce maka reshen wata kwaleji ce mai nisa. Wasunsu na gaskiya ne, wasu kuwa sai ka gama shekara uku ka tarar uwar makarantar ba ta da sunanka. Ka je can da ƙafarka ka ga lambar ɗalibtarka a rajistarsu tun a zangon farko.

A cikin NCE akwai abu biyu da ba a yafe wa kowa: ƙaramin gwajin koyarwa da ake yi a gaban abokan karatu a shekara ta biyu, da fita koyon koyarwa, wato TP, na zango guda a shekara ta uku. Wanda ya faɗi TP bai gama ba, ko da ya cinye sauran darussa. Sannan ka san cewa NCE ta firamare da ƙaramar sakandare ce. Mai burin koyarwa a babbar sakandare, ko zama firinsifal wata rana, dole ya ƙara da digiri.

Digirin da ake nufi shi ne na ilimi: B.Ed, ko B.A.Ed, ko B.Sc.Ed. Mai NCE da sakamako mai kyau yana shiga aji biyu na jami'a kai tsaye ta hanyar JAMB. Dokar da aka sa wa hannu a 2023 ta kuma ba kwalejojin ilimi na tarayya damar bayar da digiri da kansu tare da NCE. Malamin da ke bakin aiki yana da hanyoyin da ba sai ya bar ajinsa ba: karatun dogon hutu irin na Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, ko Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna, wadda tun 1976 aikinta ke nan, ɗaga darajar malaman da ke cikin aji ta hanyar karatu daga nesa.

Wanda kuma ya riga ya yi digiri ko HND a wani fanni, abin da ke gabansa shi ne PGDE ko PDE, wato takardun koyon malanta na waɗanda suka riga suka gama karatu a wani fanni. Galibi zango biyu ne na karatu, haɗe da fita koyarwa da rubuta ɗan bincike. Kada ka tafi digiri na biyu a fanninka kana zaton zai wadatar. Mai digiri na biyu a Lissafi wanda ba shi da PGDE, har yanzu ba a yi masa rajistar malanta.

Rajista da jarrabawar TRCN

An kafa hukumar yi wa malamai rajista, TRCN, da doka mai lamba 31 ta 1993. Ikonta ya hau kan kowane malami, daga na rainon yara har na jami'a, na gwamnati da na makarantun kuɗi. Dokar ta tanadi tarar Naira 5,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun, ga wanda ke koyarwa ba rajista. An daɗe ba a tsananta ba, har Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta sa wa'adin 31 ga Disamba 2019 don fitar da marasa cancanta daga aji, wa'adin ya wuce ba a aiwatar da shi yadda aka faɗa ba. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Inda takardar ke cizo yau shi ne wajen ɗaukar aiki, da tantance ma'aikata, da ƙarin girma, domin hukumomi da yawa sun sa ta cikin sharuɗɗansu.

Rukuni huɗu ake yi wa rajista. Rukunin A na masu digiri na uku ne, B na masu digiri na biyu, C na masu digirin farko, D na masu NCE. A kowane rukuni, ko dai digirin na ilimi ne, ko a haɗa shi da takardar ilimi irin PGDE, PDE ko NCE. Kuɗin jarrabawa da na rajista da na shekara-shekara duk sun bambanta bisa rukuni, kuma suna sauyawa, saboda haka ka duba adadin a shafin hukumar ko ofishinta na jiharka a ranar da za ka biya.

A da, kai takardu kawai ake yi a karɓi satifiket. Tun 2017 sai an ci jarrabawar cancanta, PQE, wadda ake yi a kwamfuta, tambaya da zaɓin amsa. An saba yinta sau biyu a shekara, wajen watan Mayu da kuma wajen Oktoba ko Nuwamba. Ɗaliban ajin ƙarshe a kwalejoji da jami'o'i da dama suna yinta a makarantarsu, a rantsar da su kafin su fita. In makarantarka na yin haka, kada ka bari ta wuce ka don kuɗin ya yi maka nauyi a lokacin; a nan ta fi sauƙi, karatun yana sabo a kanka.

Ga wanda zai yi daga waje, ga yadda ake bi. Ka tanadi takardunka na asali da kwafinsu: sakamakon sakandare, NCE ko digiri, PGDE in akwai, shaidar haihuwa, lambar NIN, da hoton fasfo. Ka buɗe asusu a shafin hukumar da lambar wayarka da adireshin imel naka na kanka. Wannan ƙaramin abu ne mai jawo babbar wahala: mai shagon intanet ya sa nasa imel don ya yi sauri, bayan shekara uku ka zo sabunta lasisi ba ka da hanyar shiga asusunka, shi kuma ya tashi daga unguwar. Ka zaɓi rukuninka daidai da babbar takardarka, ka biya ta Remita, manhajar biyan kuɗi ga gwamnati, ka adana rasit da lambar biyan. Kada ka miƙa wa kowa kuɗi a hannu da sunan zai yi maka hanya. Satifiket ɗin bogi yana yawo, kuma ranar tantancewa lambar da ke jikinsa ake bugawa a kwamfuta.

Kafin ka danna aikawa, ka karanta sunanka harafi-harafi. A ƙasar Hausa wannan ita ce matsala ta ɗaya. Sakamakon sakandare ya ce Muhammad Sani Abdullahi, NCE ta ce Mohammed S. Abdullahi, NIN ta ce Sani Abdullahi Gwarzo. A wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin kwamfuta mutum uku ne. Malama da ta koma amfani da sunan miji bayan aure ita ma haka. Maganinsa takardar rantsuwa daga kotu, da sanarwa a jarida in sauyin suna ne, sannan a gyara NIN ta dace da takardun makaranta. A yi wannan kafin rajista, domin gyara bayan an buga satifiket ya fi tsada, ya fi cin lokaci.

Jarrabawar a tsarinta na farko ta taɓo fannoni 23: tarihi da falsafar ilimi, halayyar yara, tsara manhaja, auna fahimtar ɗalibai, kula da aji, ilimin masu buƙata ta musamman, Turanci, Lissafi, da sauransu. A 2025 hukumar ta sanar da taƙaita su zuwa ginshiƙai biyar: lissafi na tushe, karatu da rubutu, sanin na'ura, dabarun koyarwa, da kare yara daga cutarwa. Don haka in ka sayi tsofaffin tambayoyi, ka gwada su da jadawalin da hukumar ta fitar na zagayen da za ka shiga. Hukumar kanta ta sha faɗa cewa rashin sabo da kwamfuta na cikin manyan dalilan faɗuwa. Malami ya san amsa, amma hannunsa na rawa a kan linzamin kwamfuta, ya ɓata minti goma yana neman inda zai danna ya wuce tambaya ta gaba. Mako biyu kafin ranar, ka je cibiyar da yara ke gwajin JAMB ka zauna sau uku ko huɗu, ka saba da zaɓen amsa, da komawa baya, da kallon agogon da ke saman allo. Ranar jarrabawa ka amsa masu sauƙi tukuna, kada ka bar ko ɗaya ba amsa, kuma ka tabbatar ka danna maɓallin miƙawa kafin ka tashi. Wanda bai ci ba yana iya sake zama a zagaye na gaba da sabon biya.

In ka ci, abu biyu za ka karɓa, kuma mutane na rikita su. Satifiket ɗin rajista sau ɗaya ake bayarwa, yana ɗauke da lambarka ta dindindin. Lasisi kuwa shekara uku yake yi a sabunta shi, bayan ka biya kuɗin shekara-shekara, kuma ana sa ran ka nuna shaidar bita da horon da ka halarta a tsakani. Saboda haka duk bitar da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ko NTI ko wata ƙungiya ta kira ka, kada ka tsaya kan kuɗin mota kawai, ka karɓi takardar shaidar halarta ka ajiye. In ka ƙara karatu, ka nemi a ɗaga rukuninka, daga D zuwa C misali. Ba ya sauyawa da kansa. Hukumar tana kuma da kwamitin bincike da na ladabtarwa, suna da ikon soke sunan malamin da aka kama da cin zarafin ɗalibi ko maguɗin jarrabawa.

Kama aiki da tabbatarwa

Malamin firamare yana ƙarƙashin SUBEB ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Na babbar sakandare yana ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ko hukumar kula da malamai ta jiha, na makarantun haɗin kan ƙasa, wato Unity, kuma ƙarƙashin tarayya. A bisa al'ada mai NCE yana farawa a matakin albashi na 7, mai digiri da takardar hidimar ƙasa a mataki na 8. Wanda ya gama digiri yana sama da shekara 30 takardar yafewa ake ba shi, wanda ya yi karatun wucin gadi kuma takardar cirewa daga hidima. Ko wacce ce taka, ka karɓe ta, don za a tambaya.

Shekara biyun farko na gwaji ne. Bayansu sai ka rubuta neman tabbatarwa ta hannun hedimasta, ka bi ta har takardar ta fito. Malamai da yawa suna ganin albashi na shiga sai su manta da ita, sai ranar da aka fitar da jerin masu ƙarin girma su ga babu sunansu. Wanda ba a tabbatar ba, ba a yi masa ƙarin girma, ba a ba shi hutun karatu.

Tun ranar farko ka sayi fayil mai ƙarfi ka buɗe naka a gida: takardar ɗauka, takardar kama aiki mai ɗauke da kwanan wata da sa hannun hedimasta, takardar tabbatarwa, kowace takardar canjin wurin aiki, kowace ta ƙarin girma, da takardar albashi ko da ta wata ɗaya ce a kowace shekara. Ka ɗauki hotonsu ka tura wa imel ɗinka. Fayil yana ɓata a ofis, ruwa yana ci, gara tana ci, kuma in hakan ta faru kai za a ce ka kawo shaida.

Ƙarin girma

Ƙa'idar aikin gwamnati ita ce shekara uku a kowane mataki daga na 7 zuwa na 14, shekara huɗu daga na 15 zuwa sama. Babu mataki na 11. Daga 10 sai 12. A cikin kowane mataki akwai ƙananan hawa da ake ƙarawa duk shekara: a jadawalin tarayya 15 ne har zuwa mataki na 10, sai 11 a matakai na 12 zuwa 14, sai 9 a na 15 zuwa 17. Ka riƙa duba takardar albashinka ka ga ko ƙarin shekara ya shiga.

Lissafin cikar lokaci yana ruɗar mutane. A inda ake ƙirgawa daga 1 ga Janairu, wanda ya kama aiki a Maris 2021 bai cika shekara uku ba a Janairun 2024, sai ya jira Janairun 2025. Cikar lokaci kuma ba ita ce ƙarin girma ba, dama ce kawai ta a duba ka. Tsarin da tarayya ta daɗe a kai yana ba jarrabawa maki 70, rahoton aiki na shekara-shekara 20, daɗewa a aiki 10, kuma sai akwai gurbi. Jihohi kowace da nata salon, amma fom ɗin rahoton aikin, wato APER, na shekara uku a jere kusan ko'ina ana nemansa. Ka cika naka a ƙarshen kowace shekara, hedimastan da ya ga aikinka ya sa hannu. In ka bari sai an kira ƙarin girma, za ka tarar an yi masa canji ko ya yi ritaya, sabon kuma ya ce bai san ka ba.

Jarrabawar takan taɓo dokokin aikin gwamnati, dabarun koyarwa, darasin da kake koyarwa, da al'amuran yau da kullum. Wasu wuraren ana cewa ka zo da littafin tsarin darasinka da dayarin aji. Darasin da kake koyarwa kada ka raina shi. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin aji huɗu, 21,780 ba su kai makin da aka sa ba, aka sallame su. An yi ta muhawara kan adalcin gwajin da ko jiha na da hurumin yinsa, ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, ta tafi yajin aiki, amma da yawa daga waɗanda abin ya shafa suna da NCE a hannu. Takarda ba ta hana a sake gwada ka ba.

Bayan takardar ƙarin girma ta fito, saura ta shiga albashi. Ka kai kwafi sashen albashi, a buga maka hatimin karɓa a naka kwafin. Ka lura da kwanan wata biyu da ke jikinta: ranar da girman ya fara aiki a takarda, da ranar da kuɗi zai fara. Ƙarin girma na gaba daga ta farkon ake ƙirga shi, ko da kuɗin ya makara. Jinkirin biyan ƙarin girma da ariyas ciwo ne da ya daɗe yana cin malaman firamare, kuma abin takaici ne a ga mutum yana mataki na 12 a takarda yana karɓar albashin na 9. Bin sa ta hannun reshen NUT, da jerin sunaye da kwafin takardu, ya fi bin sa kai kaɗai.

Yanzu batun ƙaro karatu, inda aka fi yin asara. A tsarin tarayya da na jihohi da dama mai NCE yana tsayawa ne a mataki na 14, mai digirin ilimi kuwa yana iya kaiwa 16 ko 17, gwargwadon dokar jiharsa. Amma digirin ba ya amfani a fayil sai an yi shi da izini. Kafin ka fara, ka rubuta neman izini, ka haɗa takardar samun gurbi, ka jira amsa a rubuce: ko hutun karatu da albashi, ko ba albashi, ko izinin karatun wucin gadi. Hutu da albashi yana zuwa da yarjejeniyar dawowa ka yi aiki na wasu shekaru. Izinin baka daga hedimasta ba izini ba ne. Wanda ya tafi haka nan, in ya dawo da digiri ana iya ƙin karɓa, in ma ba a tuhume shi da barin aiki ba. Kuma ka zaɓi kwas da ya dace da abin da kake koyarwa. Malamin firamare da ya je ya karanto Harkokin Kasuwanci ya ba hukuma hujjar cewa digirin bai shafi aikinsa ba.

Da ka gama, ka nemi a sauya maka layi zuwa na masu digiri. In kana mataki na 7 za a ɗaga ka zuwa 8. In ka riga ka kai 9 ko 10, albashinka ba lallai ya motsa nan take ba, abin da ka samu shi ne an ɗage maka iyakar da za ka tsaya. Shi ya sa yin digiri da wuri ya fi riba. Wanda ya bari sai ya kai 14 ya zauna a nan shekaru yana jira. Muƙamin hedimasta, firinsifal, jami'in duba makarantu ko sakataren ilimi naɗi ne ba mataki ba, amma in an zo zaɓe, mataki da digiri da lasisi mai rai ake fara dubawa.

Lasisin yana da amfani har a waje. Tun Fabrairun 2023 Ingila ta sa Najeriya cikin ƙasashen da malamansu na wasu darussa, irin Lissafi da Kimiyya, za su iya neman shaidar koyarwa a can, kuma daga TRCN ake karɓo takardar da ke tabbatar da cewa malami yana da rajista, ba shi da tabo.

Ritayar ma'aikaci a ƙa'ida shekara 60 ce da haihuwa ko 35 a aiki. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Afrilun 2022 ta mai da ta malamai 65 ko 40, duk wadda ta riga zuwa. A tarayya ƙarin ba ya zuwa da kansa: sai an nema a rubuce, da shaidar lafiya da rajistar TRCN. A jiha kuwa ka nemi sanarwar da gwamnatinka ta fitar ka karanta sharuɗɗanta, domin ba lokaci guda jihohi suka karɓi tsarin ba. Duk lissafin yana dogara ne kan ranar haihuwar da ka rubuta ranar da ka kama aiki, kuma dokar aiki ba ta yarda a sauya ta daga baya ba. Ka je ka duba abin da ke fayil ɗinka na ofis, ka gwada shi da na NIN, da na BVN, da na kamfanin fanshonka, tun kana da sauran shekaru a gaba. In sun saɓa, a gyara sauran su koma daidai da na fayil.